Wake Biyu a Cikin Jaka: Yadda Wasa Zai Fahimtar da Sakkwatawa Sabuwar Kimiyyar Halitta

Tun watan Maris na 2021, a da yawa daga cikin zagayen rigakafin shan inna da ake yi gida-gida a Sakkwato da maƙwabtanta, ɗigon da ake sa wa yaro a baki ba irin na da ba ne. Sunansa nOPV2, kamfanin Bio Farma na Indonesiya ne ke haɗa shi, kuma Nijeriya ce ƙasar da ta fara amfani da shi a duniya. Ƙwayar cutar da ke cikinsa rayayya ce da aka raunana, kamar dai ta tsohon maganin, sai dai a wannan karon masana sun zauna sun sake rubuta wasu sassa na umarnin gadonta da gangan, domin ya yi mata wuya ta farfaɗo ta koma mai shanye ƙafa. Mai ciwon suga da ke sayen insulin a kyamis ɗin bakin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, shi ma abin da yake tsira wa jikinsa bakteriya ko yis ne suka yi shi, bayan an dasa musu umarnin da jikin ɗan'adam ke bi wajen yin insulin; tun 1982 ake sayar da irinsa. Rigakafin ciwon hanta da ke cikin allurar jarirai ma haka aka yi shi. Manomi kuma yana iya shuka waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta fitar a ƙarshen 2019, mai ɗauke da ƙwayar gado da aka aro daga wata bakteriyar ƙasa don ta kashe tsutsar da ke huda kwasfar wake. Kimiyyar sake tsara ƙwayoyin halitta ta riga ta shigo gari, ta shiga bakin yara da jinin manya da tukunyar girki, alhali bayanin yadda take aiki bai ko kama hanya ba.

Asalin abin ba shi da wuyar faɗa. A cikin kowane ɗan mitsitsin tantani na jikin mutum, da na akuya, da na gero, akwai wani dogon zare da ake kira DNA, wanda sinadarai iri huɗu kacal suka jeru suka yi shi. Masana suna yi musu laƙabi da haruffan A, T, G da C. Jerin nan shi ne umarnin da tantani ke karantawa ya san wane furotin zai yi, yaushe, kuma nawa. Na mutum ya kai haruffa kusan biliyan 3. Makiyayan da suka yi ƙarnoni suna zaɓen bunsurun da za a bari a garke har aka samu jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai, da waɗanda suka fitar da shanun gudali, duk jerin nan suke juyawa ba tare da sun gan shi ba, ta hanyar barbara da dogon haƙuri. Abin da ya sabunta shi ne yanzu ana iya karanta jerin, a yanke wani wuri, a musanya harafi, ko a haɗa sabon yanki a na'ura a dasa shi cikin tantani. Tun da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana dabarar yankan da ake kira CRISPR a 2012, aikin ya yi sauƙi ya kuma yi araha ƙwarai. Ko a 2010, da ayarin Craig Venter a Amurka suka haɗa cikakken jerin wata bakteriya a ɗakin bincike, sai da suka kwafo shi daga na wata halitta da ke akwai, suka kuma zuba shi cikin rayayyen tantani kafin ya yi aiki. Babu wanda ya taɓa samar da rai daga babu.

Hanyar da muka saba bi wajen gabatar da irin waɗannan abubuwa ita ce sanarwa. A kira taro, kwamishina ya yi jawabi, a sa a rediyo, a roƙi hakimai da limamai su shaida wa jama'a cewa abin nan lafiya lau ne. Ba za a raina wannan hanya ba, domin ta taɓa fitar da mu kunya. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna sun dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an sa masa maganin hana haihuwa, zargin da ya samu gindin zama saboda mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, kuma kafin nan cutar ta tsallaka ƙasashe da dama. Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar sarakuna, musamman kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, wanda Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar III ya tsaya aka kafa a 2009, har aka kai ga ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a ranar 25 ga Agusta, 2020. Amma uwar da ta miƙa ɗanta aka ɗiga masa, ta miƙa shi ne don ta amince da mai maganar. Abin da ke cikin kwalbar har yau ba ta san shi ba. Irin wannan amincewa ba ta bin sabon abu da kanta, kullum sai an sake nemo ta daga farko. Shi ya sa aka sake shan wuya a kan rigakafin korona, kuma da aka fitar da masarar TELA, wadda aka sake wa tsari, a 2024 muryoyin WhatsApp suka riga malaman gona isa ƙauye. Ra'ayina shi ne akwai wani ɓangare na wannan ilimi da sanarwa ba za ta taɓa isar da shi ba, komai girman mai yin ta: yadda abu ke faruwa mataki-mataki, da yadda dace da lissafi suke cuɗanya a cikinsa. Wannan ɓangaren hannu ne ke riga kunne koyon sa.

Wasu sun gwada, an kuma ga abin da ya fito. A 2016 gidan baje kolin kimiyya na birnin Boston a Amurka ya jagoranci wani shiri mai suna Building with Biology, inda aka aika akwatunan wasanni zuwa wurare kusan 200, aka zaunar da masu bincike a teburi ɗaya da iyalai. A wani wasan ana ba mutum katunan abinci, ciki har da waɗanda aka yi da halittun da aka sake wa tsari, ya ware wanda zai ci da wanda ba zai ci ba, ya faɗi dalilinsa. A wani kuma ana ba shi 'yan ƙwandaloli ya raba su ga ayyukan binciken da yake ganin sun cancanci kuɗi. Gasar iGEM, wadda ta faro daga wani kwas a jami'ar MIT a 2003, inda ɗalibai ke sa bakteriya yin sababbin ayyuka, ta sanya hulɗa da jama'a cikin abin da alƙalai ke dubawa, shi ya sa ɗalibai da yawa suke ƙirƙiro wasannin kati da na allo. Wasan kwamfuta na Foldit, da Jami'ar Washington ta fitar a 2008, ya wuce koyarwa ma: a 2011 'yan wasan, waɗanda yawancinsu ba masana ba ne, sun gano siffar wani furotin na wata ƙwayar cutar birai cikin 'yan makonni, bayan ya gagari masu bincike fiye da shekara goma. Hujjar da ta fi ƙarfi ta fuskar alƙaluma ita ce ta Scott Freeman da abokan aikinsa a 2014, waɗanda suka tattara nazari 225 kan darussan kimiyya da lissafi a jami'o'i, suka samu cewa inda lacca ce zalla kusan kashi 34 cikin ɗari na ɗalibai ke faɗuwa, inda kuma ɗalibai ke aiki da hannu da muhawara kusan kashi 22 ne. Ɗaliban jami'a aka auna, ba 'yan kasuwa ba, don haka kada a ɗora wa alƙaluman abin da ba su ɗauka ba. Amma idan wanda ya biya kuɗin makaranta don ya saurari lacca ya fi ganewa in ya taɓa da hannu, ina ga wanda aka tare shi a bakin hanya da lasifika?

A Sakkwato ba sai an jira akwati daga Boston ba. A samu albasa ɗaya, wadda garin nan ba ya rasa ta, a yanka a kirɓa a turmi, a zuba rabin kofin ruwa da ɗan gishiri da cokali ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanoni, a juya a hankali, a bar shi minti goma, a tace da ƙyalle cikin kofin gilashi. Sai a karkata kofin a tsiyaya sifirit ɗin wanke ciwo mai sanyi ƙarara ta gefe, yadda zai zauna a sama ba tare da ya gauraya ba. Cikin 'yan mintoci wani farin abu mai yauƙi zai taso a mahaɗar ruwan biyu, a sa tsinke a naɗo shi. DNA ɗin albasa ke nan, da ɗan tarkacen furotin a jikinsa. Sabulun ne ya fasa fatar tantani, gishirin ya sa zaren ya dunƙule, sifirit kuma ya fito da shi fili saboda ba ya narkewa a cikinsa. Amfanin wannan ɗan aiki ya wuce mamakin da yake ba yara. A binciken jin ra'ayin jama'a da aka maimaita a Turai shekaru da dama, mutane masu yawa sun amsa cewa tumatir na gargajiya ba shi da ƙwayoyin gado, sai wanda aka sake wa tsari. Wanda ya naɗo zaren albasa da hannunsa ba za a ƙara tsorata shi da cewa “an sa wa waken nan DNA” ba, don ya san da shi yake karyawa kullum. Zai wuce zuwa tambayar da ta fi amfani: wane yanki aka ƙara, me yake yi, wa ya gwada shi, kuma shekara nawa?

Wasan da ya fi kowanne dacewa da mu kuwa shi ne na sikila, domin nan ne gado ya daina zama darasin aji ya zama kukan dare a gidaje. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, ana kuma haihuwar jarirai kimanin 150,000 da SS a kowace shekara; jihar Kano ma ta mayar da gwaji kafin aure doka a 2024. Abin da masu shirin aure ke fitowa da shi daga ɗakin gwaji jimla ɗaya ce: AS da AS, ɗaya cikin huɗu. Da yawa sukan fahimci cewa in an haifi huɗu ɗaya ne zai kamu, har ma wasu su ɗauka in na fari ya zo da ciwon to uku na bayansa sun tsira. A kawo jaka biyu, ta ango da ta amarya, a zuba wa kowace farin wake goma da jan wake goma. Mutum ya rufe ido ya zaro ƙwaya ɗaya daga nan, ɗaya daga can: ɗa ke nan. Fari da fari AA, fari da ja AS, ja da ja SS. Sai ya mayar da waken cikin jaka, ya girgiza, ya sake zarowa don ɗa na biyu. A sa mutum ashirin kowa ya haifi huɗu ta wannan hanya, a jera sakamakon a kan tabarma. Wani gidan zai fito babu mai ciwo ko ɗaya, wani da ɗaya, wani da biyu, wani lokacin har da mai uku. Lissafi ya nuna cewa cikin gidaje 256 masu 'ya'ya huɗu, kimanin 81 ba za su samu SS ba, 108 za su samu ɗaya, 67 kuma biyu ko fiye. Wato gida ɗaya cikin huɗu zai yi jinyar yara biyu ko sama da haka. Darasin duka yana cikin mayar da waken nan, domin mai zarowa yana ji a yatsunsa cewa jaka ba ta tuna abin da ta bayar ɗazu. Ba a buƙatar iya karatun boko ko na ajami kafin a gane wannan, kuma babu fostar da ta iya faɗar sa haka.

Da jakunkunan nan guda ake shiga tsakiyar sabuwar kimiyyar, ta hanyar sauya doka ɗaya. Yanzu wake sauro ne, kuma duk ɗan da ya zo da fari da ja, sai a cire farin a sa ja a madadinsa, kafin shi ma ya zama uba ko uwa a zagaye na gaba. Bayan 'yan zagaye za a nemi farin wake a tabarma a rasa. Wannan shi ne abin da masu bincike ke son yi wa sauron da ke yaɗa zazzaɓi: su dasa masa ƙwayar gado mai kwafar kanta zuwa ɗaya ɓangaren, yadda kusan duk 'ya'ya za su gaje ta maimakon rabi. A 2018 ayarin Andrea Crisanti a Kwalejin Imperial ta Landan sun yi haka da ƙwayar da ke hana macen sauro haihuwa, saurayen da ke cikin kejin gwaji suka ƙare ƙarƙaf cikin zuriya 7 zuwa 11. A ƙasar da ke ɗauke da fiye da rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya, wannan albishir ne babba. Amma wanda ya ga farin wake ya ɓace a gabansa zai yi tambaya ba tare da an sa shi ba: in aka yi kuskure, ta ina ake dawo da farin? Kuma sauron da aka saka a Illela, wa zai tsayar da shi kada ya shiga Birnin Ƙonni? Waɗannan su ne tambayoyin da ƙwararru ke ta muhawara a kansu a manyan tarurruka, ga shi mudun wake ya kai mutum gare su cikin rabin awa.

Ɗigon shan inna ma yana da nasa wasan, wanda ke amsa abin da iyaye ke yawan faɗa wa masu rigakafi a bakin zaure: “Ba an ce an gama da shan inna ba?” A jera mutum ashirin, a ba na farko jerin wake goma mai launi iri-iri, ya nuna wa na biyu na ɗan lokaci, shi kuma ya jera nasa da sauri ya nuna wa na uku. Kafin a kai ƙarshe jerin ya sauya. Haka raunanniyar ƙwayar rigakafi ke kwafar kanta a hanjin yaro, ta fita ta bayan gida ta shiga wani yaron, kowane kwafi da ɗan kuskurensa. A unguwar da yawancin yara suka sha magani, layin yakan yanke a mutum na biyu ko na uku. Inda aka bar yara da yawa, layin yakan yi tsawo har kuskure ya faɗa daidai wurin da aka raunana ƙwayar, ta dawo da ƙarfinta. A tsohon maganin sauyin harafi ɗaya a wani muhimmin wuri ya isa ya fara ɓarnar. A sabon an sake rubuta wurin yadda harafi ɗaya ba zai wadatar ba. Ko shi ma ba a ce ba ya farfaɗowa sam ba, don a 2023 an samu yaran da suka shanye ta dalilinsa a Burundi da Kwango, sai dai hakan ya yi ƙaranci sosai in aka kwatanta da tsohon. Jami'i mai tsoron jita-jita zai so a ɓoye wannan. Ni kuwa ina ganin uban da ya tsaya a layin da kansa zai fi saurin ganin cewa maganin abin shi ne a gajarta layin.

Za a ce wasa na yara ne, kuma dattijo ba zai zauna yana zaro wake daga jaka ba. Wanda ya faɗi haka bai tsaya a gindin bishiyar da ake dara ba, inda magidanta ke duƙufa a kan gurabe talatin da kara goma sha biyu-biyu, suna hango motsi uku gaba, 'yan kallo na gardama a kansu. Kuma garin nan ya san koyarwa da ba ta aji ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, sai ta zuba shi cikin waƙoƙin Hausa da Fulfulde, ta naɗa jajis, wato mata masu koyarwa, ta ba su malfa, su kuma suka kai shi ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. Ta ɗauki sigar da mutane suka riga suka saba da ita ta ɗora mata kaya masu nauyi. Tsoron da ya fi wannan tushe shi ne na addini, kuma kashi biyu ne. Na farko, rufe ido a zaro abu ya yi kama da caca. Amma babu kuɗin da aka sa, babu mai cinye wani, kuma abin da wasan ke nunawa ƙarara shi ne babu mahalukin da ya san yadda ɗa na gaba zai zo. Lissafin sababi ne, ba da'awar sanin gaibu ba. Na biyu shi ne gargaɗin da ke cikin Suratun Nisa'i game da canja halittar Allah. Malamai sun duba wannan tuntuni. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗar Duniyar Musulmi da ke Makka, a zamanta na 1998, ta halatta amfani da wannan fasaha wajen rigakafi da magani da noma da kiwo, bisa sharaɗin kada cutarwa ta rinjayi amfani, ta kuma hana wasa da halittar ɗan'adam da sunan inganta zuriya. Sharaɗin nan aiki ne ya ɗora wa kowa, domin ba a auna cutarwa da amfanin abin da ba a san yadda yake gudana ba. Malamin da za a tambaya hukuncin sauron da aka sake wa tsari shi ya fi kowa buƙatar ya ga yadda jan wake ke cinye fari.

Sukar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta cewa wasa talla ce mai daɗin sha. Wanda ya tsara dokokin wasa shi ya yanke wanda zai ci tun kafin a fara, kuma in kamfanin iri ko mai aikin bincike ne ya tsara, ba abin mamaki ba ne kayansa su riƙa yin nasara kullum. A Burkina Faso shirin Target Malaria ya shafe shekaru yana bayani a ƙauyuka kafin ya saki saurayen da aka sake wa tsari a garin Bana a 2019, amma a Agustan 2025 gwamnatin ƙasar ta dakatar da aikin baki ɗaya. Dalilan suna da yawa, har da na siyasa, sai dai abu ɗaya a fili yake: in mai kaya ne kaɗai ke bayani, zargi ba ya rasa wurin zama. Kuma ba kowane zargi ne jahilci ba. Burkina Faso ɗin ta taɓa rungumar audugar da aka sa wa ƙwayar kashe tsutsa, ta watsar da ita a 2016 saboda zarenta ya gajarta, farashinta ya faɗi. A Indiya kuma wata tsutsar auduga ta saba da gubar har ta daina jin ta. Ma'aunin wasa na gaskiya, a ganina, shi ne ko fasahar tana iya faɗuwa a cikinsa. A zuba tsakuwa ɗari a faifai a matsayin tsutsar wake, biyu daga ciki a shafa musu shuni, su ne waɗanda gubar ba ta kashewa. Kowace damina a kwashe marasa shuni, a ninka waɗanda suka rage. Cikin 'yan damina faifan ya cika da masu shuni, sabon iri ya zama kamar tsoho. A sake bugawa, a wannan karon a bar wasu kunyoyi na waken gargajiya inda tsutsa maras shuni za ta rayu ta yi barbara da masu shunin, a ga yadda abin ke jinkirta. Manomin da ya buga wannan ya san cewa iri mai rage feshi daga sau shida ko takwas zuwa sau biyu alheri ne na gaske, ya kuma san alherin yana da sharaɗi da wa'adi.

Kada kuma a yi zaton duk wanda ya gane zai yarda. Wani zai buga wasan nan duka ya ce shi dai ba zai shuka ba, don ba ya son dogaro da irin da sai ya saya, ko don yana tsoron mai saye daga waje ya ƙi kayansa, kuma wannan hukunci ne na mai hankali. Mahaifiyar mai sikila da ta ji cewa a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da maganin Casgevy, wanda ake yi da CRISPR, za ta tambayi kuɗinsa, a ce mata dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, kuma ba wani wasa da zai rage mata zafin wannan amsa. Akwai ma haɗarin wasa ya sa abin ya yi kama da mai sauƙi, kamar a ɗauko yanki a liƙa a tashi. Ba haka yake a ɗakin bincike ba. Jay Keasling da abokan aikinsa sun shafe kusan shekara goma da miliyoyin daloli kafin yis ya riƙa samar da tushen artemisinin, sinadarin da ke cikin magungunan zazzaɓin da muke sha. Kamfanin Sanofi ya fara haɗa shi a 2013, bayan 'yan shekaru kuma ya sayar da masana'antar saboda wanda ake samu daga ganyen gona ya fi araha. Mai jagorantar wasa ya kamata ya riƙa faɗar inda wake ya daina kama da tantani.

Saura batun cewa jihar da ke fama da 'yan bindiga a gabashinta da yaran da ba sa zuwa makaranta tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Haka ne, amma kayan aikin mudun wake ne da albasa da tsakuwa, masu yi kuma suna nan: ɗaliban sassan kimiyyar halittu da likitancin dabbobi da aikin gona na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da masu bautar ƙasa da ke da ranar hidimar al'umma a kowane mako, da matan sa-kai na lafiya da suka riga suka saba shiga gidajen suna da makarantun Islamiyya. Gara ya fito daga hannunsu, su da ba su da iri ko magani na sayarwa. Doka ma tana jiran irin mutanen da wannan aiki zai samar. Dokar da ta kafa hukumar NBMA mai kula da halittun da aka sake wa tsari a 2015, wadda aka faɗaɗa a 2019 ta haɗa da gyaran ƙwayoyin gado da irin dabarar sauron nan, ta tanadi a sanar da jama'a kafin a ba da izini, a kuma ba su kwana 21 su kawo ƙorafi. Sanarwar tana fitowa ne a jaridun Turanci, takardun kuma cike suke da kalmomin ƙwararru, don haka a aikace ƙungiyoyin Abuja da Legas ne ke amsawa, masu goyon baya da masu adawa. Manomin Kware ko Wurno da ya taɓa ganin faifai ya cika da tsakuwa mai shuni yana da abin da zai tambaya a cikin kwanakin nan ashirin da ɗaya: kunya nawa ta waken gargajiya zai bari a gefen gona, wa zai riƙa zuwa duba ko tsutsa ta fara sabawa, kuma in ta saba, wa zai biya shi asarar daminar.